Fentin mota a Kaduna: tambayoyi da amsoshi kan wanki, folish da waks

Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani sau ɗaya ake samunsa, kuma duk ƙwarewar mai fenti da wuya ya mayar maka da irinsa. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu motoci a Kaduna suka fi yi, tun daga direban haya mai lodi a Kawo har ma'aikacin da motarsa ke wuni a rana daga safe zuwa la'asar.

Motata tana kwana tsaf, da safe in tarar ƙura ta lulluɓe ta. Laifi ne in kaɗe ta da tsumma kafin in fita?

Laifi ne babba, kuma babu abin da ya kai shi cin fentin motoci a garin nan. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ido yana ganinta kamar gari mai laushi, amma akwai ɓurɓushin yashi a cikinta. Ƙwayar yashi kuwa ta fi gilashi tauri, balle fenti. In ka ɗora busasshen tsumma a kanta ka ja, da kai da kafintan da ke goge katako da sanfefa aikinku ɗaya. Ba za ka ga komai a ranar ba. Sai bayan wata biyu ko uku, ka tsaya da hantsi ka dubi bonet, ka ga wasu siraran zane suna kewaye da hasken rana da'ira-da'ira. A baƙar mota ko mai ruwan bula suna fitowa ƙuru-ƙuru. A fara ko ruwan toka suna nan, ɓoyewa kawai suke yi.

In akwai ruwa, ka watsa wa motar ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa ta. In babu, ko kana sauri, ka goge gilasai da madubai da fitilu da jiƙaƙƙen tsumma, ka fita da ƙurarka. Ƙurar da ke zaune a jikin mota ba ta cin fenti, sai an ja ta. Ka kuma sanar da maigadi da yaran gida, domin sau da yawa su ne ke wannan aiki da asuba don su faranta maka. Yaran unguwa masu rubuta sunansu da yatsa a jikin but, su ma kowane harafi zane ne.

Wai fentin mota hawa-hawa ne? Wanne ne ke lalacewa?

Hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai shafin farko mai hana tsatsa, sai firama mai daidaita jiki, sai launin motar, sai kuma wani shafi garai-garai marar launi a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Ita ce ke ba da sheƙi, ita ke tare rana, kuma ita hannunka ke taɓawa. Duka shafin nan a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai tana tsakanin 35 zuwa 50, wato ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Da wannan ɗan abin za ka yi shekara goma ko ashirin.

Tsofaffin motoci da yawa ba su da kiliya. Yawancin Pijo 504 da 505 irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri, inda aka fara aiki a 1975, launi da sheƙi a shafi ɗaya suke. Hanyar ganewa ba wuya: ɗiga folish a farin ƙyalle ka murza a wani ɓoyayyen wuri. In launin motar ya biyo ƙyallen, babu kiliya. Irin wannan fenti in ya dushe ya yi fari-fari, folish yana farfaɗo da shi sosai, shi ya sa za ka ga tsohuwar Pijon da aka riƙe da kyau tana ɗaukar ido har yau.

Folish da waks ba abu ɗaya ba ne? A wajen wankin mota duk "folish" suke cewa.

Aikinsu ma kishiyar juna ne. Folish yana ɗauke da ɓurɓushi mai kaifi, yana kankare saman kiliya kaɗan har wurin ya yi daidai da zurfin zanen, sai zanen ya ɓace. Kwamfawun babban yayansa ne, ya fi shi kaushi, ya fi shi ci. Shi kuwa waks ba ya kankare komai. Shimfiɗa yake yi a kan fenti, ruwa ya riƙa zamewa, datti ya kasa kamawa da ƙarfi, in ya ƙare a sake sa wani. Saboda haka duk sanda aka ce za a yi wa motarka folish, ka tambaya a nuna maka robar da za a yi aiki da ita. Akwai kuma masu haɗe biyun a roba ɗaya, suna ɗan kankara suna ɗan rufewa. Ba su da laifi ga motar yau da kullum, amma kada ka sa ran za su fitar da zane mai zurfi.

Sau nawa ya kamata a yi wa mota bofin, wato goge fenti da folish da inji?

Sai ta buƙata, kuma ba na son ya wuce sau ɗaya a shekara. Motar da ake wankewa yadda ya kamata tana iya shekara biyu ko uku inji bai taɓa ta ba. Folish mai laushi yana cin maikuron biyu ko uku a zagaye ɗaya, kwamfawun da injin da ke juyi da ƙarfi kuwa sun fi haka nesa. Ka tuna jarin naka 35 zuwa 50 ne, kuma tun kafin ya ƙare, in kiliya ta yi siriri, ba ta iya tare rana kamar da.

Akwai masu kai mota bofin duk Sallah, ƙarama da babba, da duk lokacin da biki ya taso. Motar takan fito tana walƙiya, mai ita ya ji daɗi, bayan 'yan shekaru rufi da bonet su fara yin fari. Sai a ɗora wa rana laifi. Rana na da nata kason, amma inji ne ya buɗe mata ƙofa.

In za a yi, ka duba abubuwa kaɗan. A wanke motar tas tukuna, a yi aikin a inuwa, soson injin ya zama mai tsabta, ba wanda aka jefar a ƙasa aka ɗauka ba. A rufe robobi da gefen fitilu da salatif na takarda. Gefen ƙofa da duk inda ƙarfe ya yi ƙusurwa, nan fenti ya fi siriri, nan ne inji ke ƙonawa cikin daƙiƙa kaɗan. Inji iri biyu ne: mai juyi zalla, wanda sai gwani, da mai juyi yana karkarwa, wanda ba ya tara zafi a wuri ɗaya, shi ya fi dacewa da wanda hannunsa bai faɗa ba. Da an gama, ka fito da motar rana ka duba da kanka kafin ka biya. Wasu mayukan cike zanen kawai suke yi, wanki biyu ko uku ya dawo.

Omo fa? Shi muka taso muka ga ana wanke mota da shi.

An yi omo ne don ya cire maiƙo daga tufafi, waks kuwa dangin maiƙo ne, don haka yana wanke shi ya bar fenti tsirara. Yana kuma busar da robobin gefen gilashi da baƙaƙen robobin bamba su yi toka-toka. Garin da bai narke ba shi ma yana zane. Sabulun wanke kwanuka na ruwa ya ɗan fi shi sauƙi, amma shi ma maiƙo yake bi. Sabulun mota na ruwa shi ne daidai: murfi ɗaya ko biyu a bokiti ya isa, kuma yana da santsin da ke sa datti ya zame ba tare da ya karci fenti ba. In ka lissafa yawan wankin da roba ɗaya ke yi, ba shi da tsadar da ake zato.

To yaya ake wankin da ba ya ɓata fenti?

A inuwa, ko da sassafe, ko bayan la'asar, lokacin da jikin motar ya huce. Ka fara da watsa ruwa daga sama zuwa ƙasa har ƙura da yashi su sauka. Sai bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma soso a kumfa, ka wanke rufi, ka ɗauraye shi a ruwa zalla, sannan ya koma kumfa. Da haka yashin da soso ya kwaso yana zama a bokiti na biyu, ba ya komawa jikin mota. Rufi da gilasai da bonet su ne farko, ƙasan ƙofofi da bamba su ne ƙarshe. Tayoyi da wili suna da nasu soso da nasu bokiti dabam, domin baƙar ƙurar birki ɓurɓushin ƙarfe ce. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi sosai.

Wajen tsanewa, tsohuwar singileti ko tawul ɗin wanka da ya yi kaushi ba su dace ba. Tawul ɗin maikurofaiba ya fi, kuma a shimfiɗa shi a ja a hankali, ba a dirza ba. Kada a bar ruwa ya bushe da kansa. Ruwan rijiya da na wasu boholoi yana ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam, in ya bushe a rana sai ya bar fararen ɗige-ɗige. Sababbi suna fita da ruwan da aka gauraya da binega rabi da rabi, a ɗauraye nan take. Waɗanda suka daɗe rana na gasa su kuwa sukan ci cikin kiliya, sai folish.

In a wajen masu wankin mota kake kaiwa, ba sai ka yi musu wa'azi ba. Ka sayi sosonka da tawul biyu da sabulunka, ka ajiye a but cikin leda, ka miƙa wa yaron ka ce, "Don Allah ɗan'uwa, da waɗannan za ka yi mini, kuma ka fara watsa ruwa tukuna." Ka ɗan ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki. Soson da ya wanke tayar tifa ɗazu shi ne zai hau bonet ɗinka in ba ka zo da naka ba.

Wane waks ya fi dacewa da zafin Kaduna?

Iri uku ne a kasuwa. Na farko na gargajiya, wanda ake yi da kakin karnuba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil. Yana ba da sheƙi mai daɗin kallo, musamman a baƙar mota da ja, amma ba ya jure zafi da yawan wanki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da bonet ɗin baƙar mota ke iya haura digiri 70 a tsakar rana, in ya yi maka wata ɗaya ko biyu ya yi ƙoƙari. Na biyu na haɗin sinadarai ne, ana rubuta "sealant" a jikin robarsa. Yana kai wata huɗu zuwa shida, kuma shi nake ba motar da ke wuni a waje shawara. Na uku na feshi, wanda ake fesawa bayan wanki a goge. Ba ya daɗewa, amma ba ya cin lokaci, kuma ya dace a riƙa ƙarawa a kan na biyun.

In sau biyu kawai za ka iya a shekara, ka sa ɗaya a ƙarshen Oktoba kafin hunturu ya sauka, ɗaya kuma a Afrilu kafin ruwa ya zauna.

Yaya ake shafa shi?

A wanke mota, ta bushe sarai, a inuwa. Shafa bayan yatsunka a bonet. In ka ji ƙurji-ƙurji alhali an wanke, akwai dattin da ya kafe a fenti, kuma ana cire shi da wani danƙo na musamman da ake murzawa a hankali a kan ruwan sabulu. Daga nan ka ɗebi waks kaɗan a ɗan soso mai laushi, ka shafa siriri, ƙofa ɗaya ko rabin bonet a lokaci guda. Lafta shi da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Bayan 'yan mintuna zai yi hazo-hazo. Ja yatsa a kai: in wurin ya fito tas, ya isa gogewa da tawul mai tsabta, in ya yi damo-damo, ƙara jira. Da hunturu yana saurin bushewa, kuma ƙura na sauka tun kana aiki, don haka ka nemi wuri mai rufi. Ka kiyaye baƙaƙen robobi, yana barin farin tabo a kansu mai wuyar fita.

Gane ko yana nan da sauransa ba wuya. Watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, yana nan. In ya baje ya kwanta, ya ƙare.

Ana ta tallan seramik, wai mota ba za ta ƙara karcewa ba. Gaskiya ne?

Rabinsa gaskiya ne. Ruwa ne mai sinadarin silika da ke kama jikin kiliya ya daskare, kuma in an yi shi da kyau yana shekara biyu ko fiye. Wanki yana sauƙi, ƙura ba ta kamawa sosai, kashin tsuntsu ba ya saurin yin illa. Amma kaurinsa maikuron ɗaya ko biyu ne. Ba ya tare dutsen da tirela ta harbo a hanyar Abuja ko ta Zariya, ba ya tare makulli, ba ya hana busasshen tsumma yin zane. Lambar 9H da suke bugawa a kwali ma'aunin taurin bakin fensir ce, ba ta nufin fentin ya zama lu'ulu'u.

Yawancin kuɗin aikin na shiri ne, domin sai an yi folish an fitar da duk zane, an goge maiƙo, sannan a shafa a wuri marar ƙura, a kuma hana ruwa taɓa motar na kwana ɗaya aƙalla. Wanda ya ce zai yi maka seramik a bakin titi cikin awa ɗaya da iskar Janairu, na feshi zai sa maka. Mai tare duwatsu da gaske ita ce ledar nan garai-garai mai kauri da ake mannawa a bamba da gaban bonet. Tana da tsada, amma ga mai yawan tafiye-tafiye tana da amfani.

In na ajiye a rana ta gasa, in na ajiye a gindin bishiya tsuntsaye su ɓata. Wanne ya fi sauƙi?

Inuwa ta fi, in za ka riƙa dubawa. Kashin tsuntsu da na jemage suna da acid, kuma in rana ta buga, fenti yana laushi ya kama siffar kashin, sai ka wanke ka tarar da tambarinsa a wurin. A zafin bazara yini ɗaya ya isa. Kada ka kankare shi a bushe, akwai tsakuwa da ƙwayar 'ya'yan itace a ciki. Jiƙa tsumma ko tishu, ɗora a kai na minti biyar ya yi laushi, ka ɗage shi sama. Gorar ruwa ɗaya da ɗan tawul a mota sun isa wannan aiki.

Bishiyoyi ma ba ɗaya suke ba. Mangwaro, wanda ya cika tsofaffin gidajen Unguwar Rimi da Malali, yana ɗigar da ƙaro da wani ruwa mai danƙo lokacin fure da 'ya'ya. Dogon yaro yana zubar da 'ya'yansa, jemagu kuma suna bin su da dare. Ƙaron da ya bushe yana narkewa da ɗan sifirit a auduga, a wanke wurin, a mayar da waks. In da hali, rumfar kwano ko ta tamfol a tsakar gida ta fi kowace bishiya, kuma da damina ba ka fargabar reshe ya karyo.

Keke Napep ya goge ni a gefe. Folish zai fitar?

Wanke wurin ka duba da kyau. Sau da yawa abin da kake gani fentin keken ne ya hau kan naka, kuma wannan kwamfawun kaɗan a tsumma yana cire shi. Sauran zanen kuma ka gwada shi da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, a kiliya ya tsaya, folish zai fitar ko ya rage shi sosai. In ya maƙale, ya yi zurfi. Zuba ruwa ma yana nunawa: zanen da ya ɓace a jiƙe ya dawo a bushe bai wuce kiliya ba. In kana hango toka-toka ko fari a ciki, ya kai firama. In ƙarfe kake gani, kada ka bar shi ya shiga damina a buɗe, ko da ɗan fenti ne a ɗiga da tsinke kafin ka samu kuɗin gyara.

Masu gyara sukan bi zane mai ɗan zurfi da sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 a jiƙe kafin folish. Yana aiki, amma cin kiliya ne da gaske, ba aikin gwaji a gida ba ne.

Wasu direbobi suna shafa dizal ko man inji, motar ta yi ta sheƙi. Akwai matsala?

Sheƙin awa biyu ne, daga nan duk ƙurar hanya ta manne. Yana kumbura robobi, yana kuma hana fenti kamawa ranar da za a yi gyara a wurin. A bar shi.

Kwalta ta fantsamar mini a inda ake aikin titi. Ga kuma siminti daga ginin maƙwabci.

Kwalta tana narkewa da kananzir. Ɗiga a tsumma, ɗora a wurin ya jiƙa, share a hankali, wanke da sabulu, sa waks. Kada ka yi da tina, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, tana cin fenti. Siminti kuwa in ɗanye ne ruwa mai yawa ya isa. In ya bushe, a jiƙa shi da binega a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, ba a kankara da reza. Wanda ya fi su haɗari shi ne man birki. In bakanike ya ɗiga shi a fenda, a wanke da ruwa a take, domin yana tayar da fenti cikin ɗan lokaci. Fetur da ya zubo a bakin tanki a gidan mai shi ma a ɗauraye, yana barin rawayan tabo a farar mota in ya zama kullum.

Rufin motata da bonet sun yi fari, fentin yana ɓarewa. Wane mai zan saya?

Babu man da zai gyara wannan. Kiliya ce ta mutu ta saki launin da ke ƙasanta, kuma folish ƙara ɓare ta zai yi. Waks zai iya ɗan duhunta wurin na 'yan kwanaki, shi ke nan. Maganinsa a kankare wurin a sake fesa launi da kiliya. Ya fi faruwa a rufi da bonet da saman but, inda rana ke sauka kai tsaye, kuma motocin da suka yi shekaru a jihohin Amurka masu zafi sukan iso da ciwon ya riga ya fara.

In za a sake fenti, me zan lura da shi?

Fara da lambar launi. Kowace mota tana da ita a wata 'yar takarda ko faranti, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. A Toyota, misali, 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Da wannan lamba ake haɗa fenti, amma tunda rana ta riga ta ɗan sauya na jikin motarka, mai haɗi na kirki zai fesa a ɗan faranti ya kara da motar a hasken rana kafin ya taɓa ta. Masu gyaran jikin mota suna da yawa daga Panteka zuwa Kurmin Mashi, kuma hannu ya bambanta. Ka nemi ganin motar da mutum ya fesa shekara ɗaya da ta wuce, domin wadda ta fito jiya kowa tasa tana kyau. Ka tambaya ko yana da ɗakin feshi rufaffe. Feshi a fili da hunturu, ƙura a cikin fentin za ta kwana. Ka lura da yawan fila, wato ƙullun da ake cike inda ƙarfe ya lotsa da shi: a buga ƙarfe ya dawo daidai, fila ta zama ta share fage kawai. Mai kauri tana tsagewa.

Bayan an gama, wanki da ruwa da sabulun mota ba laifi, amma a dakata da waks da seramik na wata ɗaya zuwa uku, fentin yana ci gaba da fitar da sinadaransa yana ƙara tauri. In kuma launin gaba ɗaya ka sauya, ka je a gyara takardun mota, saboda launi a rubuce yake a ciki.

Zan sayi tokumbo. Ta yaya zan gane an taɓa fentinta?

Je da rana, kuma motar ta zama a bushe, ruwa yana ɓoye aibi. Tsaya a kusurwa ka kalli gefenta a tsaye, ka kwatanta ƙofa da ƙofa: launi, da yadda hoton abubuwa ke fitowa a jiki. Duba robobin gilashi da bakin fitilu da cikin ƙofofi ko akwai feshin da ya tsallaka. Duba kusoshin fenda da na bonet ko sifana ta taɓa su. Maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle ba ya kama inda fila ta yi kauri, sai dai ka san bamba roba ce, wasu bonet kuma alminiyam ne. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti: in ko'ina yana nuna 120, ƙofa ɗaya ta nuna 300 ko 500, an yi aiki a wurin. Sake fenti ba lallai haɗari ba ne, amma ya kamata ya shiga ciniki. Ka leƙa ƙasan motar kuma, waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsarsu daga ƙasa take farawa.

Rufe mota da tamfol yana da amfani?

In motar a wanke take kuma murfin mai laushin ciki ne, an ɗaure shi tam, yana da amfani. In ka rufe ta da ƙurarta, iska ta kwana tana kaɗa shi, ka tashi ka tarar da kusurwoyi sun dushe. Leda ko tamfol ɗin buhu da damina yana tara gumi a ƙasa. Motar da ake fita da ita kullum ba ta buƙatarsa.

Da damina ai ruwan sama yana wanke ta. Sai na ƙara wani wankin?

Ruwan farko-farko na Afrilu da Mayu da ƙura yake saukowa, ɓata mota yake yi. A tsakiyar damina kuma matsalar tana ƙasa. Jan taɓon hanyoyin unguwanni irin su Rigasa yana cushewa a cikin fenda da ƙasan ƙofofi, ya riƙe danshi kwana da kwanaki, tsatsa ta fara daga ciki ta ɓullo waje kamar ƙuraje. Ka sa a riƙa watsa ruwa mai ƙarfi a nan duk mako ɗaya ko biyu. Ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramukan da ruwa ke fita, a zura tsinke a tabbatar ba su toshe ba, haka ma magudanar da ke gindin gilashin gaba inda ganye ke taruwa.

Za a yi ɗaurin aure, ana son ƙawata motata da ribon da furanni. Ga kuma masu manna fosta.

Salatif na roba in ya wuni a rana yana barin gam, kuma a motar da aka taɓa sake wa fenti yana iya tasowa da kiliya. A yi amfani da na takarda irin na masu fenti, a ɗaura ribon a madubi da hannun ƙofa, a cire komai a daren. Fosta da sitika a gilashi ya fi, ba a fenti ba. Wadda ta shekara a jikin ƙofa, ko an cire ta siffarta tana nan, domin fentin da ke kewaye ya dushe, na ƙarƙashinta bai dushe ba. Wajen cirewa a bar motar a rana ta ɗumama, ko a bi sitikar da na'urar busar da gashi, a ɗaga ta da farce ko tsohon katin ATM, sauran gam ɗin kuma a bi shi da ɗan kananzir a wanke.